Wankin Inji da Dusa

Duk mai injin niƙa daga Gummi har Anka ya san wankin dusa. In an niƙa barkono, sai ga wata ta kawo geron kunun jinjiri, ba wanda zai tsaya kwance inji yana wanke shi da ruwa, wa ke da wannan lokacin? Tafi biyu na dusa za ka watsa cikin kwanon inji, ta bi ta tsakanin faifan ƙarfen nan biyu da muke ce wa haƙora, ta fito ja-ja, ka zuba wa kaji. Shi ke nan, inji ya wanku, a zuba gero. Haka na iske ana yi, haka na yi, haka kuma na koya wa mutane a garuruwan da ban iya ƙirgawa.

Ni mai gyaran injin niƙa ne. Shekara kusan talatin ina yawo da jakar sifana. Na sha ruwan Agadas, na kwana tashar Kwatano, na yi shekara biyu a Maiduguri inda wani Babarbare ya rantse ni ne na lalata mishi inji, alhali kafin in taɓa shi ma ya mutu ya yi arba'in. Iyayena daga wajen Zuru sunka taso sunka zauna Gummi tun ban san kaina ba, Kiristoci ne, nima a nan na tashi. Ba zan ce muku ni wani mai ƙwazon ibada ba ne. Amma duk garin da Lahadi ta riske ni sai na nemi inda ake sujada, in zauna baya-baya, in yi waƙa da wannan muryar tawa da matata ke cewa kamar bel ɗin inji ya saki.

Akwai wani ƙauye tsakanin Bukkuyum da Anka, ba zan faɗi sunansa ba, mutanensa sun sha ambato a bakin duniya ya ishe su. A bayan garin wajen kukoki akwai 'yar majami'a ta laka da rufin kwano. Gidajen Kirista ba su fi goma sha biyu ba, manoma ne da wani malamin firamare. Sauran gari duk Musulmi ne, kuma ana zaman lafiya. Da sallah a aiko muna da nama, da Kirsimeti mu aika da shinkafa, kowa ya yi wa ɗan'uwansa tsiyar cewa nasa ya fi mai.

Matan zumunta na wannan majami'a su sunka yi noman gyaɗa na gayya damina huɗu har sunka tara abin sayen injin niƙa, don su huta da daka. Ni anka aika Gusau na zaɓo shi, ni na kafa shi a wata rumfa jikin majami'a, shi ya sa nake jin kamar ɗana ne. Duk wata sai na biyo in duba shi, kuma nakan daidaita zuwana da Lahadin farko ta wata, saboda ranar ce ake Jibin Ubangiji, inda muke karya gurasa mu sha ƙoƙo don tunawa da mutuwar Almasihu.

Shugabar zumuntar wata tsohuwa ce. Ba ita ta haife ni ba, amma Inna nake ce mata, kamar yadda kowa ke ce mata har Fasto. Gajeruwa ce, bakinta kamar reza. Tana da wani ɗan fili a fadama da bai fi tabarma huɗu ba, alkama kaɗai take shukawa a ciki, kuma ba ta cin ko ƙwaya ɗaya. Ta gurasar Jibi ce. Ran Asabar za ta auni kwano guda ta kawo inji, ta kwaɓa ba yisti, ta gasa a kan kasko. Maimakon ruwan inabi kuwa zoɓo ne ba sukari. Gurasar nan tauri gare ta ba kaɗan ba.

Nakan ce mata, "Inna, wagga gurasa taki sai mai bangaskiya da haƙora talatin da biyu."

Ta ce, "Injiniya, in ta yi maka tauri ai ga sifana nan a jaka." Injiniya take ce mini, tana jan kalmar yadda kowa zai gane ba yabo ba ne.

Tana riƙon wata jikanyarta 'yar shekara uku, mai surutu kamar me. Rediyon Inna muke ce mata. Da na sauka daga babur za ta taho ta zazzage mini jaka. "Wanga mi ne? Wanga fa? Ina tsarabata?" In na ce ban kawo ba ta ce to in koma inda na fito. Wata rana ta tambayi Fasto a tsakiyar wa'azi ko ya kusa gamawa. Ba wanda ya tsawata mata, don ta yi magana ne a madadin jama'a.

Sai zinari ya zo.

Dama can ana ɗan tono a dajin nan, amma a shekarun nan abin ya zama wani iri. Aka ce dutsen da muke tuntuɓe da shi tun muna yara kuɗi ne. Samari sunka bar gona, magidanta sunka bi su. Ka shiga gari ka ga buhunan dutse jibge a zaure inda da can dawa ke zama, mata na farfasa shi a tsakar gida, yara na wasa cikin ƙurar. Wanda jiya ke roƙon ka ɗauke shi a babur, yau ya sayi nasa sabo da leda a jiki, ya wuce ka bai ko ɗaga hannu ba. Gaisuwa ta gajarce. Mutum ya ce maka ina kwana idonsa na kan hanya. Liman na kuka da nasa mutanen, ya ce mini sahun asuba ya koma tsofaffi zalla.

Mu ma bai bar mu ba. Addu'ar Laraba da yamma ta koma Inna da mata uku. Lokacin shaida, wanda da can mutum zai tashi ya gode wa Allah don ɗiyarsa ta warke daga masassara, ya koma wane ya samu, wane ya kusa samu. Fasto yaro ne sabon fitowa daga makaranta, mai kirki, amma shina tsoron dattawa. Wa'azinsa a hankali ya karkata, kullum buɗi, kullum ɗaukaka. Bencin gaba da ke na tsofaffi ya zama na masu sabon yadi. Ina gani, raina ba ya so, amma me zan ce? Ni kaina ban taɓa samun aiki irin na lokacin ba. Kusan duk injin niƙa da ke yankin an juya shi ya koma niƙa dutse, dutse kuwa cinye haƙoran inji yake cikin kwana kaɗan. Ko'ina nemana ake. Har na yi ƙiba, matata ta ce wuyana ya ɓace.

Akwai wani dattijon ikilisiya, mutum mai faɗa a ji, shi ya fara samun rami mai kyau. Wata Lahadi bayan an tashi ya tara mu ƙarƙashin kuka, ya ce injin mata zaune yake yawancin mako. Me zai hana ya riƙa niƙa dutse daga Litinin zuwa Alhamis, Juma'a da Asabar a bar wa mata su niƙa hatsi? Abin da anka samu a sake rufin majami'a, a sayi lasifika.

Inna ta ce, "Dattijo, injin tuwo ne. Ba mu yi noman gyaɗa damina huɗu don mu ci dutse ba."

Ya yi dariya. "Inna, wa ya ce ki ci dutse? Ai wanke shi za a yi."

"Da mi?"

"To ga masanin abin nan zaune. Ya je Agadas, ya je Kwatano. Malam, gaya mata."

Duk ido ya dawo kaina. Har yau ina iya jin yadda na gyara zama. Dattijon da bai taɓa kirana Malam ba, yau ya kira ni a gaban jama'a. Kuma gaskiya ban yi ƙarya da gangan ba, abin da na sani na faɗa. Na ce, "Inna, barkono ma da ke sa ƙato kuka, tafi biyu na dusa ke fitar da shi. Bare dutse da ba shi da yaji ba shi da wari? In kina tsoro a zuba kwano guda cur. A zuba biyu. Zai fito fes kamar ranar da na kawo shi daga Gusau."

Ta dube ni. Sannan ta ce, "Kai ka san inji, Injiniya. Ni ban sani ba."

Aka yi dariya, aka rufe da addu'a, kowa ya ce amin.

Haka anka yi ta yi. Ran Juma'a da safe a zuba dusa kwano biyu, ta fito toka-toka, a zubar, sannan mata su jera kwanoninsu. Dawar tuwo, geron kunu, alkamar Jibi ran Asabar. Na zo sau uku ko huɗu na canza haƙora, na ci tuwon, na ci gurasar, na yi wa Inna tsiyar da na saba.

Bayan 'yan watanni labari ya fara fitowa daga ƙauyukan Anka, su Dareta da sauransu, wai yara na mutuwa ba a san dalili ba. Yaro ya yi amai, ya sanƙare, ya yi ta jijjiga, kafin a kai ko'ina ya tafi. Wasu sunka ce iska ce, wasu sunka ce masassara ce mai ƙarfi. Ina Gummi lokacin ina gyaran injinan casar shinkafa. Da na koma ƙauyen na sauka daga babur, ba wanda ya zo ya zazzage mini jaka. Anka ce an tafi da jikanyar Inna asibiti a garin Anka, kwana uku ke nan, Inna na can tare da ita. A cikin garin kuma an riga an binne yara, na Musulmi da namu.

Ina nan sai ga ma'aikatan lafiya sun zo da mota. Suna ɗauke da wani abu kamar bindigar wasan yara, a ɗora bakinsa a ƙasa ya nuna lamba. Sunka bi gida-gida, sunka ce dalma ce ke cikin dutsen, ƙurarta ce ke kashe yara. Da sunka zo rumfar inji anka ce ga mai gyaransa, ni na kwance musu shi da hannuna. Wata ma'aikaciya, Bahausa ce mai sanyin murya, ta ɗora abin kan haƙoran, ta duba, ta kira abokin aikinta ya duba. Ba ta faɗi lambar ba, nima ban tambaya ba.

Ta ce, "Baba, a nan ake niƙa abinci?"

Na ce, "Juma'a da Asabar. Amma ana wanke shi."

"Da me?"

"Da dusa."

Ba ta yi mini faɗa ba. Da ta yi da ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ta yi, "Baba, wannan ko da omo da ruwan zafi ba ya fita. Kada a sake niƙa ko abincin kaji a ciki."

Yarinyar ta rayu. Sun yi makonni a Anka ana ba ta magani, anka dawo da ita. Tana ci, tana tafiya tana jan ƙafa ɗaya, tana kallon mutum da idanun nan nata. Amma maganar ta tafi. Na je gaishe su da jakata, na buɗe ta na ajiye a gabanta da gangan. Ta kalli sifanonin, ta kalle ni, ta juya wajen bango. Inna ta ce, "Sannu da zuwa, Malam." Ba ta ce Injiniya ba.

Daga nan ba ta sake yin gurasar Jibi ba. Anka koma sayen burodin leda daga Bukkuyum ran kasuwa, ana yanka shi da wuƙa ƙanana-ƙanana.

Na yi tsammanin wata Lahadi wani zai tashi ya ce mun yi kuskure. Na jira Dattijo ya faɗa. Shi kuwa cewa ya yi harin Shaiɗan ne a kan albarkar da Allah ya buɗe muna, don haka a yi taron farkaswa na kwana uku. Anka gayyato wani mai wa'azi daga birni da fararen kaya har takalmi. Anka kafa lasifikar nan da dutse ya saya. Ni anka sa in kula da janareta, ina tsugune bayan majami'a ina jin komai. An ɗaure Shaiɗan, an kore shi, an tattake shi. An kira masu son buɗi su fito gaba, sunka fito. Ba wanda ya ambaci inji, ga shi nan jikin bango an lulluɓe shi da buhu. Bayan taron da mako biyu tono ya ci gaba, sai dai an koma niƙa a bayan gari.

Ina ta jin haushin Dattijo, ina jin haushin Fasto, ina cewa ikilisiya ta lalace, duniya ta lalace. Kuma duk gaskiya ne. Amma nima ban tashi ba. Baki ne da ni da ke iya sa tashar mota dariya tun daga Gummi har Sakkwato, amma kalma huɗu, ni na ce dusa, sun gagare ni.

Lahadin Jibi da ta biyo, faranti ya iso gabana. Na kalli burodin, hannuna ya ƙi ɗagawa. Ba wai na yanke shawara ba ne. Na dai ga cewa teburin nan na wanda ya ba da ransa don mutane ne, ni kuwa na zuba guba a gurasarsa da bakina don an kira ni Malam. Na girgiza kai, faranti ya wuce. Wata na gaba ma haka. Daga baya na daina daidaita zuwana da Lahadin farko, daga baya na daina zuwa ƙauyen ɗungurungum. A Gummi ma in na shiga majami'a ranar Jibi, kafin a fara rabawa sai in fita kamar mai amsa waya. Matata ta gane, ta yi magana sau biyu, ta bar ni. In na durƙusa da safe zan yi addu'a, ba abin da ke zuwa sai ƙarar inji a kunnena. Sai in tashi in ɗauki jaka.

Shekara biyar ko shida ina haka. A cikinsu ƙasar ta ƙara birkicewa. Bindiga ta shigo daji. Shanun Fulanin da muka saba saye nono wurinsu anka kore, na manoma ma anka kore, kowa na zargin kowa. Hanyoyin da nake bi ina waƙa a kan babur sunka zama sai an tambaya kafin a shiga. Ka ji an ɗauke wane, ka ce Allah shi kyauta, ka ci gaba da ɗaure ƙusa, don ba abin da za ka iya. Na daina ba da labari a tasha. Wani direba ya tambaye ni ko ciwo nake.

Sai ga saƙo daga ƙauyen. An yi wa Fasto canji tuntuni, Dattijo ya kwashe iyalinsa ya koma birni, wani tsohon mai bishara ke riƙe da majami'ar. Shi ya aiko, wai mai sayen ƙarafa na son injin, in zo in kwance musu. Na so in ƙi. Amma ni na kafa shi, ba wanda ya san ƙusoshinsa kamar ni. Na bi ayarin 'yan kasuwa wata Asabar da safe.

Gidajenmu goma sha biyu sun koma huɗu. Rufin da anka sake ya fara tsatsa, lasifikar na rataye gizo-gizo ya yi gida a bakinta. Na gaisa da mai bishara, na shiga rumfa na yaye buhun. Ina cikin kwance ƙusa ta farko sai na ji ƙarar daka daga gidan Inna, a hankali, bugu ɗaya sai a huta, bugu ɗaya sai a huta. Na ajiye sifana na tafi.

Tana tsaye bakin turmi, ta ƙara gajarta, taɓaryar ta fi ta tsawo nesa. Yarinyar na zaune kan tabarma, ta yi girma, tana jera 'yan tsakuwoyi. Na leƙa turmin. Alkama ce.

Na yi sallama na durƙusa. "Inna, ina wuni."

"Lahiya lau. Ashe kana da rai."

"Gurasa za ki yi?"

"Mai burodi ya bar zuwa, hanya ta hana. Wata biyu ba mu yi Jibi ba. Mai bishara yac ce ko da rogo ne a yi. Nic ce ina da rai ba a yin Jibi da rogo." Ta sake ɗaga taɓarya da kyar.

Maganar da na yi shekaru ina shiryawa a kan babur, mai tsawo, mai tsari, duk ta watse. Abin da ya fito kawai shi ne, "Inna, ni na ce dusa."

Ba ta ko tsaya ba. "Ina wurin. Kurma ka ɗauke ni?"

"Ina nufin ni ne na..."

"Na san abin da kake nuhi." Ta jingina taɓarya da kafaɗarta. "Kai kac ce dusa. To wa ke auno dusar duk Juma'a? Ni. Da hannun ga. Kwano biyu, har in ƙara tahi ɗaya don in ji daɗin raina. Zuciyata ta gaya mini injin tuwo ne, nib bar ta don an yi mini dariya ƙarƙashin kuka. Kunun da tash sha ni na dama shi." Ta nuna yarinyar da haɓa. "Shekara biyu ban yi magana da Allah ba. In na buɗe baki zagi ke son hitowa."

"Daga baya fa?"

"Daga baya na gaji. Ba ni da wani wurin zuwa. Nic ce mishi ga ni, ban da abin cewa. Shi ma bai ce komai ba. Munka zauna hakanan." Ta miƙo mini taɓaryar. "Amshi. Hannuna ya mutu."

Na ce, "Inna, namiji da daka?"

"Injiniya, wanda ya kashe muna inji ai shi ne inji."

Ban san lokacin da dariya ta kufce mini ba, da wani abu bayan dariyar da ba zan faɗi ba. Na karɓa. Shekara talatin ina gyaran abin da ke niƙa hatsi, ban taɓa daka tafi ɗaya ba. Bugun farko alkama ta yi tsalle ta watse, kaji sunka taho godiya. Wata maƙwabciyar Inna, Musulma, wadda ita ma ta binne ɗa a shekarar nan, ta leƙo ta kan katanga ta riƙe haɓa.

"Inna, sabuwar amarya kunka yi? Wagga ko ba ta iya daka ba, a maida ta gidansu."

Inna ta ce, "Haƙuri muke, sadakinta ba yawa."

Maƙwabciyar ta ce mini, "Malam, tsakiya ake bugu, ba gefe ba! Turmin aro ne, nawa ne, in ka fasa shi sai ka sassaƙa wani."

Na daka har tafin hannuna ya yi ƙulu. Inna ta tankaɗe, ta mayar da tsakin, na sake dakawa. Yarinyar ta bar tsakuwoyinta tana kallona. Ba ta yi magana ba, ba ta yi dariya ba, kallo kawai. Na so in ce muku wani abu ya faru a nan, amma ba abin da ya faru.

Da la'asar na koma rumfa na gama kwance injin. Na ce wa mai bishara gangar jikin a sayar, amma haƙoran da kwanon da duk inda gari ke bi ba za su bar nan ba, don na san halin 'yan kasuwa, wata uku za ka gan su a wani ƙauye suna niƙa gero. Munka haƙa rami mai zurfi nesa da rijiya munka binne su.

Washegari mu goma sha ɗaya ne a majami'a har da yara. Ba ganga, mai kiɗan ya koma Zuru. Na zauna bencin baya kamar kullum. Sai ga Inna ta bar wurinta na gaba ta zo ta zauna kusa da ni, ta ce ƙafarta ce ke ciwo, nan ya fi kusa da ƙofa. Mai bishara ya yi wa'azi gajere, ban riƙe komai a ciki ba, ina ta kallon farantin da ke rufe da farin ƙyalle. Da ya yi addu'a ya karya gurasar ya fara zagayawa, na ji ƙafata na neman waje. Amma Inna ta toshe bakin bencin da sandarta.

Faranti ya zo. Ta ɗauki nata. Ya tsaya gabana. Na girgiza kai. Tsohon bai matsa ba, ya dai tsaya yana kallon rufi kamar mai jiran mota.

Inna ta ce a hankali, yadda ni kaɗai zan ji, "Ba don masu tsabtar hannu anka yi shi ba. Da haka ne da ni ma ina waje. Ɗauki, kana tsaida mutane."

Na ɗauka.

Ta fi ta da tauri, ga tsaki-tsaki saboda mugun dakan da na yi. Na daɗe ina tauna. Ban ga haske ba, ban ji murya ba. Na dai ji ana karɓata a inda na yi shekaru ina tsaye bakin ƙofa, kuma ba don na gyara komai ba, don ba abin da na gyara. Na sha zoɓon, tsaminsa ya kama mini muƙamuƙi.

Da anka tashi na ce, "Inna, wagga gurasa sai mai bangaskiya da..."

Ta ce, "Yi shiru. Kai ka daka ta."

Yarinyar har yau ba ta magana. Tono bai tsaya ba, bindiga ba ta tsaya ba, gidaje huɗun nan ma na ji ɗaya ya tashi. Duk inda na je gyara nakan ce wa mai inji dusa ba ta wanke dutse, wasu su ji, yawanci su ce Baba ya tsufa ya fara wa'azi. Ba ni da yadda zan yi da su. Da safe dai yanzu ina durƙusawa, in faɗi abin da Inna ta koya mini, ga ni, ban da abin cewa, in ɗan zauna. In hanya ta yi kyau kuma, Asabar ta jajibirin Jibi nakan bi ayarin 'yan kasuwa in je. Maƙwabciyar na ganina sai ta fito da turmi, ta ce amarya ta iso, Allah shi sa yau kaji su kwana da yunwa.